Saƙonnin ginin manhaja sun cika mana zaure har mun daina karantawa: ina mafita?

Nura:

Assalamu alaikum malamanmu da 'yan'uwa. Ina neman shawararku kan wata matsala da ta same mu a wurin aiki. Mu bakwai ne muke rubuta manhajar lissafin kaya da ciniki ga masu shaguna, kuma muna da Jenkins a kan wata kwamfuta da ke ofis, shi ne yake haɗa manhajar ya gudanar da gwaje-gwaje duk lokacin da wani ya tura sauyi, wannan aikin shi muke kira gini. Wata shida da suka wuce na haɗa shi da Slack, manhajar hirar da muke amfani da ita a wurin aiki, ta hanyar webhuk, wato adireshin da wata manhaja ke tura saƙo ta cikinsa zuwa zaure, domin kowa ya riƙa sanin halin da gini yake ciki ba tare da ya buɗe shafin Jenkins ba. Na tsara shi ya riƙa aiko saƙo uku a kan kowane gini: ɗaya idan ya fara, ɗaya idan gwaji ya ƙare, ɗaya kuma idan komai ya kammala.

A makon farko kowa ya yaba. Amma a ranar da aiki ya kankama muna yin gini kusan 40 a rassa daban-daban (kowa yana aiki a nasa reshen, wato nasa kwafin manhajar, kafin a haɗe shi da babban reshe), wato saƙo 120 ke nan a zaure ɗaya, kuma sannu a hankali kowa ya kashe ƙarar zauren a wayarsa, har da ni. Ranar Alhamis da ta wuce, bayan La'asar, babban reshe ya rushe saboda wani sauyi a tsarin rumbun bayanai. Babu wanda ya lura sai ranar Litinin da safe, lokacin da muke shirin miƙa wa wanda muke yi wa aikin sabon samfurin manhajar. Da na koma na bi zauren a hankali, sai na tarar da saƙon yana nan, ja wur, amma koren saƙonni fiye da ɗari na rassan mutane sun binne shi. Abin da ya fi damuna shi ne na'urar ta yi aikinta daidai, ta faɗa mana, mu ne ba mu ji ba. Shin in cire abin gaba ɗaya mu koma duba shafi da ido, ko akwai tsarin da kuka jarraba ya ɗore?

Malam Habibu:

Wa alaikumus salam Nura. Kada ka cire, gyara yake bukata. Na shekara fiye da goma ina hulɗa da Jenkins, tun jim kaɗan bayan ya rabu da Hudson, manhajar da ya samo asali daga gare ta, a 2011, kuma kusan duk ƙungiyar da na yi aiki da ita ta bi ta wannan hanyar da kuka bi. Tushen matsalar shi ne ka sa na'urar tana ba da labarin duk abin da ya faru, alhali abin da mutane ke bukatar ji shi ne abin da ya canza. Idan babban reshe yana lafiya jiya, yau ma yana lafiya, babu wani labari a nan, kuma duk saƙon da ya zo ba ya neman kowa ya tashi ya yi wani abu yana koya wa mutane su daina dubawa.

A cikin Jenkinsfile, fayil ɗin da ake rubuta matakan gini a ciki, sashen `post`, wanda ke faɗin abin da za a yi bayan an gama gini, yana karɓar sharuɗɗa da dama, kuma ina kyautata zaton `always` ka yi amfani da shi. Ka duba wasu guda biyu. Sharaɗin `regression` yana aiki ne idan ginin da ya gabata ya yi nasara amma na yanzu bai yi ba, shi kuma `fixed` yana aiki idan na baya ya faɗi ko ya fito da tangarɗa a gwaji, na yanzu kuma ya yi nasara. Da waɗannan biyun, kowace ɓaraka za ta haifar da saƙo biyu kacal, ɗaya lokacin da abu ya lalace, ɗaya lokacin da aka gyara shi.

Sannan ka taƙaita zauren jama'a ga babban reshe kawai. Idan reshen da Musa yake aiki a kai ya faɗi sau takwas kafin Azahar, wannan al'amarin Musa ne, kuma yin hakan wani ɓangare ne na aikinsa, ba abin da za a sanar da mutum bakwai ba ne. Sakamakon reshensa ya bayyana a kan buƙatarsa ta haɗe sauyi, ko ya je masa shi kaɗai.

Injiniya Sale:

Malam Habibu, na yarda da rabin maganarku, amma ina da ja a kan sauran. A wurinmu koren saƙonnin nan suna da amfani sosai, domin idan wanda muke yi wa aiki ya kira ya ce manhaja ta fara nuna wani hali tun shekaranjiya, zauren nake fara buɗewa in ga mene ne ya fita a ranar, da ƙarfe nawa, kuma wane ne ya tura. Idan aka bar saƙon faɗuwa da na gyara kawai, wannan tarihin ya ɓace. Haka kuma masu gwajin manhaja da hannu suna jiran koren saƙon ne su san akwai sabon samfurin da za su ɗauka.

Malam Habibu:

Injiniya, abubuwa biyu kuka haɗa, kuma kowanne yana da wurinsa. Fitar da samfuri ga masu gwaji ko ga masu amfani labari ne na gaske, domin wani abu ya canza a hannun mutane, don haka ya cancanci saƙo, amma a zaurensa na daban. Shi kuwa tarihin kowane gini, gidansa Jenkins ne da ma'ajiyar lambobi, inda za a iya liƙa wa kowane samfuri alama. Ban ba da shawarar a mayar da zauren hira rumbun tarihi ba, musamman ga masu amfani da Slack na kyauta, domin tun 2022 saƙonnin kwana 90 na baya kawai ake iya gani a wannan tsarin. Ranar da kuka fi bukatar sanin abin da ya fita wata huɗu da suka wuce, ba za ku same shi a can ba.

Malama Zainab:

Ina ganin akwai hanyar da za ta biya wa Injiniya Sale bukatarsa ba tare da an dawo da hayaniyar da ta dami Nura ba, sai dai tana bukatar a bar webhuk. Webhuk ɗin Slack ƙofa ce ta shiga kawai: kana tura masa bayani a tsarin JSON, wato tsarin rubutun da manhajoji ke musayar bayanai da shi, ya amsa maka da cewa ya karɓa, shi ke nan. Ba ya dawo maka da lambar saƙon da ya rubuta, saboda haka ba ka da yadda za ka koma ka gyara shi. Wannan ne ya sa mutane suke aika saƙo uku a kan gini ɗaya.

Idan ka ƙirƙiri bot, wato asusun da manhaja ke rubutu da shi a zaure, ka ba shi izinin `chat:write`, ka yi amfani da `chat.postMessage`, amsar da za ta dawo tana ɗauke da wata lamba mai suna `ts`. Ka riƙe ta har ƙarshen aikin. Da ita za ka kira `chat.update` ka mayar da saƙon da ya ce an fara fitar da samfuri ya koma an kammala, a layi ɗaya, ba tare da wayar kowa ta sake yin ƙara ba. Da ita kuma za ka jera ƙarin bayani a ƙarƙashin saƙon farko, kamar sunayen gwaje-gwajen da suka faɗi, ta yadda wanda abin ya shafa zai buɗe ya karanta, wanda bai shafa ba kuma layi ɗaya kawai zai gani. Ƙaramar manhajar Slack da ake ɗora wa Jenkins, wadda ke ba da umarnin `slackSend`, tana iya yin wannan idan an haɗa ta da bot.

Abin da za a rubuta a layin nan ɗaya shi ma ya cancanci a zauna a yi tunani. Ni abu huɗu nake sa wa: wace manhaja ce da wane reshe, wane mataki ne ya faɗi, taken sauyin da ya jawo, da adireshin da zai kai mutum kai tsaye ga kundin aikin, inda aka rubuta duk abin da ya faru a lokacin ginin. Na ga wuraren da suke zuba layi hamsin na kuskure a cikin zaure, kuma a kan waya wannan yana cinye allo gaba ɗaya. A kuma tuna cewa Slack yana taƙaita aikawa zuwa kusan saƙo ɗaya a daƙiƙa, idan aka matsa masa sai ya mayar da kuskure mai lamba 429.

Mamman:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ina jin tsoron kada Nura ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Idan aka koma tsarin Malam Habibu, shirun zaure zai zama yana nufin komai lafiya. To amma shiru yana iya nufin wani abu dabam: kwamfutar da ke gini ta mutu. Nura ya ce Jenkins ɗinsu a ofis yake, kuma mu ma haka namu yake. Akwai lokacin da aka ɗauke wuta da daddare, batirin inbata ya ƙare kafin asuba, da aka tayar da janareta da safe kowa ya kunna tasa kwamfutar, amma ita wadda ke lungu bayan kabad babu wanda ya tuna da ita. Kwana biyu muna tura sauyi muna jin daɗin cewa babu jan saƙo ko ɗaya, ashe babu ginin da ya gudana. A wani karon kuma faifan ajiyarta ne ya cika da tsofaffin samfura.

Na'urar da ta mutu ba za ta iya sanar da mutuwarta ba, don haka dole mai lura ya kasance a wajenta. Abin da muka yi shi ne, Jenkins yana taɓa wani adireshi a wata ƙaramar sabar da muke haya duk bayan minti goma sha biyar, idan sabar ta yi awa guda ba ta ji daga gare shi ba, ita ce take aiko saƙo zaure. Ban da wannan, kowace safiya da ƙarfe takwas akwai layi ɗaya da ke faɗin halin babban reshe da lokacin da aka yi ginin ƙarshe. Da Nura yana da wannan layin, da ranar Juma'a da safe sun ga ja, ba sai Litinin ba.

Malam Habibu:

Wannan gyara ne mai kyau Mamman, na karɓa. Tsarin da na kawo yana da wannan raunin, kuma yana da wani: idan saƙon faɗuwa ya wuce mutane sau ɗaya, ba zai sake zuwa ba. Layin safiyar nan yana toshe ramukan biyu.

Aminu:

Ina neman izinin manya in kawo wani ɓangare da ba na fasaha ba. Ni ban cika shekara da fara aiki ba, kuma a wurinmu idan gini ya faɗi, bot yana ambaton sunan wanda ya tura sauyin ƙarshe a zauren da har shugaban kamfani yake ciki. A watana na biyu sunana ya fito sau uku a yini ɗaya, kuma biyu daga ciki wani gwaji ne da ke faɗuwa da kansa lokaci-lokaci idan intanet ya yi rauni, babu ruwansa da abin da na rubuta. Babu wanda ya yi mini faɗa, amma kunyar da na ji ta sa na koma tara aikin kwana huɗu ko biyar kafin in tura, ina jiran sai mutane sun tashi. Daga baya na gane cewa hakan ya fi haɗari, domin babban sauyi ya fi wuyar bincike idan ya lalata wani abu. Shin dole ne sai an ambaci suna?

Injiniya Sale:

Aminu, na fahimci abin da ka ji, amma idan ba a ambaci kowa ba, kowa zai ɗauka wani zai duba, a ƙarshe babu mai dubawa. Saƙon da ba shi da mai shi maraya ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Malama Zainab:

Injiniya, gaskiya ne saƙo yana bukatar mai shi, amma ba lallai ne mai shi ya zama wanda ya tura sauyin ƙarshe ba, kuma labarin Aminu ya nuna dalili. Na'urar ba ta san wanda ya yi kuskure ba, abin da ta sani kawai shi ne wanda ya taɓa reshen a ƙarshe. Idan mutum uku suka haɗe sauyinsu cikin minti goma, ko wata manhajar waje da taku ta dogara da ita ta fitar da sabon samfuri da daddare, sunan da zai fito ba shi da alaƙa da laifin. Mu abin da muke yi shi ne karɓa-karɓa: kowane mako akwai mutum ɗaya da ke riƙe da amanar babban reshe, shi bot yake ambata a zaure, shi ne zai duba ya ce na gani, ina kai. Wanda ya tura sauyin kuma saƙo yana zuwa masa a keɓe. Haka nan ya fi dacewa da yadda muke zaune da juna, domin ƙarami ba ya jin an tsayar da shi a gaban jama'a, kuma idan sauyin babba ne ya jawo matsalar, ba a bar yaro da nauyin tunkararsa ba.

Shi kuwa gwajin da ke faɗuwa ba dalili, a fitar da shi daga layin da ke aiko saƙo har sai an gyara shi. Jan saƙo uku na ƙarya sun isa su sa mutane su ce wa na huɗu, wanda yake na gaske, ai wancan gwajin ne kuma.

Tunda na karɓi magana, bari in ƙara batun tsaro, domin ban ji an taɓo shi ba. Adireshin webhuk sirri ne, duk wanda ya same shi zai iya rubutu a zaurenku da sunan bot ɗinku, har ya sa adireshin yaudara a cikin saƙon da kowa ya saba amincewa da shi. Kada a rubuta shi a cikin Jenkinsfile ko wani fayil da ke shiga ma'ajiya, a ajiye shi a ma'adanar sirri ta Jenkins ko ta GitHub. Mabuɗin bot, wanda ke farawa da `xoxb-`, ya fi webhuk ƙarfi, don haka a ba shi izinin da yake bukata kawai. Ko ma'adanar ba ta sa a saki jiki ba: a 2021 masu kutse sun sauya wani rubutun kamfanin Codecov da dubban ayyuka ke saukewa a lokacin gini, ya riƙa kwashe sirrikan da ke cikin muhallin ginin na tsawon makonni kafin a gano, kuma a Janairun 2023 CircleCI, kamfanin da ke gudanar wa mutane gini kamar yadda Jenkins ke yi, ya nemi abokan hulɗarsa su canza duk sirrikan da suka ajiye a wurinsa. Ya kamata kowace ƙungiya ta san yadda za ta canza mabuɗinta cikin minti kaɗan.

Abu na ƙarshe ɗan hakin da ake rainawa ne. Taken sauyi rubutu ne da mutum ya shigar, kuma idan aka cusa shi kai tsaye cikin umarnin `curl` da ake tura saƙon da shi, alamar zance ɗaya ta isa ta ɓata saƙon, mai mugun nufi kuma zai iya sa sabar ta gudanar da umarninsa. Ga mu masu rubutu da Hausa wannan ba zato ba ne, domin kalma kamar 'ya'ya ko ma'aikata a cikin take ta isa ta karya umarnin. A sa rubutun a cikin ma'ajin muhalli, wato sunan da ke riƙe wa umarni bayani daga gefe, a bar `jq`, manhajar sarrafa JSON, ya haɗa JSON ɗin. Sannan `curl` ba ya ɗaukar amsar kuskure daga sabar a matsayin faɗuwa sai an sa masa `--fail`, don haka saƙo zai iya ƙin zuwa alhali kundin aiki yana nuna komai lafiya.

Mamman:

Ga waɗanda ba sa kan Slack, duk wannan yana yiwuwa a Telegram, wanda mu muke amfani da shi saboda ya fi sauƙin data a waya. Ana ƙirƙirar bot ta hannun BotFather, a sa shi a rukuni, a aika da `sendMessage`, a gyara da `editMessageText`. Layin safiya kuma muna sa masa `disable_notification` domin ya shigo ba tare da ƙara ba, jan saƙo kaɗai ke tayar da waya. Iyakarsa saƙo 20 a minti ɗaya zuwa rukuni guda. Ina kuma ba da shawarar a tara duk aikin aika saƙo a rubutu ɗaya da kowane layin gini ke kira, domin a 2024 Microsoft ya sanar da janye tsofaffin hanyoyin tura saƙo na Office 365 a Teams, manhajar hirarsa, kuma waɗanda suka warwatsa adireshinsu a ma'ajiya ashirin sai da suka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Nura:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na jinkirta amsa ne domin in jarraba tukuna, kuma yau mako biyu ke nan. Zauren gini yanzu na babban reshe ne kawai, da `regression` da `fixed`, sai layin safiya. Fitar da samfuri ya koma zaurensa, saƙo ɗaya da ake gyarawa kamar yadda Malama Zainab ta bayyana. Mun fara karɓa-karɓa, ni na ɗauki makon farko. Na kuma soke tsohon webhuk, domin da na bincika na tarar da shi a fili a cikin tarihin ma'ajiyarmu. Na roƙi kowa ya mayar da ƙarar zauren, kuma ranar Talata da reshen ya faɗi, an gyara shi cikin minti ashirin da biyar.

Sai dai na ci karo da wani abu. Shekaranjiya wani ya dakatar da gini da hannu saboda ya tuna ya manta wani fayil, sai jan saƙo ya fito. Da ya sake turawa ginin ya yi nasara, amma saƙon gyara bai zo ba, mai riƙe da amana ya yi ta bincike har kusan awa guda a kan abin da ba ya nan. Malam Habibu, ina na yi kuskure?

Malam Habibu:

Ba kuskurenka ba ne Nura, haka aka tsara sharuɗɗan, kuma ya kamata in faɗa tun farko. `regression` yana ƙidaya ginin da aka dakatar a cikin waɗanda ba su yi nasara ba, shi kuwa `fixed` yana duba ko na baya ya faɗi ne ko ya fito da tangarɗa, bai haɗa da wanda aka dakatar ba. Akwai ma abin da ya fi wannan muni: idan aka dakatar da gini, na bayansa kuma ya faɗi da gaske, `regression` ba zai ce komai ba, tunda wanda ya gabace shi bai yi nasara ba.

Mafita ita ce ka daina kwatanta gini da wanda ya gabace shi kai tsaye. A cikin rubutun nan ɗaya da Mamman ya ba da shawara, idan sakamakon yanzu dakatarwa ne, kada a aika komai. Idan ba haka ba, ka bi `currentBuild.previousBuild` baya-baya kana tsallake duk wanda aka dakatar, har ka isa ga na ƙarshe da ya kammala, sannan ka kwatanta sakamakon biyun. Kafin ka sa shi a babban reshe, ka buɗe zauren gwaji da kai kaɗai kake ciki, ka jera gini huɗu da gangan: mai nasara, wanda ka dakatar, mai faɗuwa, sannan mai nasara. Saƙo biyu ya kamata ka gani, ja a na uku, kore a na huɗu.